Yadda na gyara boris ɗin ƙafar baya mai saurin mutuwa

Babur mai zirga-zirgar Damagaram zuwa Tanut, boris sabo amma ƙafar baya na rawa tana gurnani. Ƙura aka fara zargi, ashe bututun ƙarfen da ke tsakanin boris biyun ne ya cinye. Idan ya gajarta, ɗaure notin ƙafar sai ya matse ƙwallayen cikin boris ta gefe, su yi zafi su farfashe.

Na sa sabon bututu da boris mai lamba 2RS, wato mai roba gefe biyu. Wajen buga boris ɗin ya shiga gurbinsa, soket (ƙarfen kwance noti mai kama da kofi) ya zauna kan zoben boris na waje kaɗai. Wanda ya daki zoben ciki ya kashe boris ɗin tun bai hau titi ba.

Sarƙa ma ta ɗaure da yawa, tana ƙara wa boris nauyi. Na sassauta ta zuwa milimita 25–30, da kaya a bisa.