Yadda nake raba musun "su wa suka fara" a ƙungiyar kiɗan rok

Na fi shekara talatin ina gyaran rediyo da rakoda a Garwa, kuma rabin kaset ɗin Turawan da ke akwatina na tsince su ne a cikin rakodojin da masu su ba su dawo karɓa ba. Ta nan na san kiɗan rok. Sanin nan ne kuma ya ja mini biyan kuɗin shayin mutum bakwai a wani daren watan Afrilu, lokacin da zafi ya hana kowa shiga ɗaki. Na kafe cewa da Ringo Starr mai ganguna aka fara ƙungiyar Beatles ta Ingila, har na ce wanda ya faɗi shi zai sallami mai shayi. Ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, ƙirga mutanen da ke hoton nan." Su biyar ne, kuma babu Ringo.

Tun daga ranar, in irin wannan musu ya tashi a majalisarmu, ba na bari a ambaci sunan kowa sai an tsayar da ranar da za a fara ƙidaya. In mutum ya ce "na asali", tambaye shi wanne yake nufi: waɗanda suka taru suka raɗa sunan, ko waɗanda aka ji a faifan farko, ko kuwa waɗanda duniya ta sani? Sau da yawa ba mutane ɗaya ba ne.

Dubi Beatles ɗin da suka kayar da ni. A watan Agustan 1960 sun tashi daga Liverpool zuwa Hamburg ta Jamus su biyar: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison, Stuart Sutcliffe mai jitar bas, da Pete Best mai ganguna. Sutcliffe ya bar su a 1961, ya rasu a Afrilun 1962. An sallami Best a Agustan 1962, Ringo ya maye gurbinsa, faifan farko na ƙashin kansu kuma ya fito a Oktoba. To wanda ya ƙirga daga suna zai ce Best, wanda ya ƙirga daga faifai zai ce Ringo, kuma za su kwana suna ɗaga wa juna murya alhali babu maƙaryaci a cikinsu.

Ni daga ranar suna nake ƙirgawa, wato ranar farko da suka tsaya gaban jama'a da sunan da muka san su da shi. Kada ka yarda a ja ka baya da haka. Lennon da McCartney sun haɗu tun 1957 a wata ƙungiyar 'yan makaranta mai wani suna dabam, kuma in aka buɗe wannan ƙofa, duk yaron da ya taɓa riƙe jita a ɗakinsu sai ya shigo lissafi. Faifai kuwa ba kasafai yake zuwa da wuri ba. Kafin kamfani ya yarda ya kai su situdiyo, an riga an canja wasu.

Bayan an tsayar da rana, a ajiye hoton bayan kaset gefe. Hoto manaja ne yake zaɓar wanda zai shiga cikinsa. Labarin da nake bayarwa a nan shi ne na Ian Stewart, mai fiyano. Lokacin da Brian Jones ya sa talla a jarida a Landan a 1962 yana neman abokan kiɗa, Stewart ne ya fara amsawa. Yana kan dandamali ranar 12 ga Yulin 1962 a gidan rawa na Marquee, ranar da aka fara jin sunan Rolling Stones, tare da Jones, Mick Jagger, Keith Richards da Dick Taylor. A 1963 manajansu, Andrew Loog Oldham, ya ce su shidan da ke ƙungiyar a lokacin sun yi yawa, kuma ƙirar Stewart ba ta dace da ta samarin da yake son tallatawa ba. Aka cire shi daga hoto. Bawan Allah bai yi zuciya ba: ya koma tuƙa motarsu, yana ɗaukar kaya, yana buga musu fiyano a faifai da wurin wasa, har ya rasu a Disambar 1985. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aiki a bayan labule a gidan da da shi aka aza tubalinsa. Duk lissafin da ya tsallake mutumin nan ban yarda da shi ba, ko wa ya kawo shi.

Sai ka binciki mai ganguna da mai bas, domin nan kuskure ya fi ɓuya. Idon kowa na kan mawaƙi. Bill Wyman mai bas ya shiga Rolling Stones a Disambar 1962, Charlie Watts mai ganguna a Janairun 1963, duk bayan wasan Marquee. Queen ta fara a 1970, amma sai da masu bas uku suka wuce kafin John Deacon ya zo a 1971. Dave Grohl mai ganguna ya shiga Nirvana a 1990, bayan faifansu na farko na 1989. Wani lokaci ma har mawaƙin baƙo ne: Dave Evans ya riga Bon Scott a AC/DC, kuma Rudolf Schenker ya kafa Scorpions a 1965, shekaru kafin Klaus Meine ya zo da muryar da muka saba ji.

Ina ganin abin da ke rikita mu shi ne, a kiɗanmu ƙungiya ta mai waƙa ce. Ban taɓa jin ana musu a kan waye ɗan amshin Shata na farko ba, domin sunan nasa ne, makaɗan kalangu su zo su tafi. Rok ya fi kama da ƙwallo: Coton Sport ta Garwa tana nan da sunanta, 'yan wasa ne ke canjawa.

Ka kuma kula da mai zamewa. In ya ga ƙasa na gudu a ƙafarsa sai ya ce, "Ai David Gilmour ya fi Syd Barrett iya jita." Wataƙila haka ne, amma ba a kan wa ya fi aka zauna ba. Barrett na cikin Pink Floyd tun 1965, Gilmour ya zo bayan faifan farko na 1967. Mayar da shi kan hanya cikin ladabi, musamman in ya girme ka.

In kuma kana son maganar da ba ta da ƙura, ɗauki Dire Straits. Mark Knopfler, ƙaninsa David, John Illsley da Pick Withers suka fara a 1977, su huɗun nan kuma suka yi faifan 1978. Ko ta ina aka ƙirga amsa ɗaya ce, saboda haka ba a cin shayin kowa da ita.

Kuɗina dai na fanshe su bayan Sallah, a hannun wani Alhaji mai shagon yadi da ya tabbatar mini Rolling Stones su biyar ɗin nan na hoto ne suka fara. Na ce, "Alhaji, wa ya buga fiyano a Marquee?" Ya yi shiru yana juya cokali a kofi, sannan ya ce wa mai shayi a ƙara wa kowa ƙwai biyu.