Yadda ake gyara libarba mai harbi sama da inda aka auna

Duk wanda libarbarsa, wato ƙaramar bindigar hannu mai tulun harsasai da ke juyawa, ke zuba harsashi sama da inda ya auna, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne magagari. Sai ya dubi tsinin nan na gaba da ke kan bakin bindiga, ya ce ai shi ne ya yi tsawo, bari a rage shi. Na sha ganin bindigogi masu kyau da aka nakasa ta wannan hanya. In ka rage tsinin gaba, dole ka ƙara ɗaga bakin bindiga kafin tsinin ya daidaita da tsagar baya da ake leƙo shi ta cikinta, harsashi kuwa sai ya ƙara hawa. Bindiga mai harbi sama ƙarin tsawon tsini take bukata, ƙarfen da aka goge kuma ba ya dawowa.

Da jami'an da hukuma ta damƙa wa makami nake magana. Dokar bindigogin Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, gyaransu kuma ba aikin maƙerin unguwa ba ne.

Farko dai ka tabbatar laifin na bindiga ne, ba na hannunka ba. Ka je filin koyon harbi da sassafe, kafin ranar Bauchi ta take, domin ƙyallin rana a kan tsini yana ruɗin ido. Ni ba na fara gwaji sai na turara tsinin da hayaƙin kyandir ya yi baƙi ƙirin. Kwalin da za ka samu a kasuwar Wunti ya wadatar, ka zana masa baƙin da'ira, ka kafa shi a mita 20. Ka zauna, ka ɗora wuyan hannuwanka a kan buhun yashi. Kada bututun ya taɓa buhun, kuma ka janye yatsu daga gaban tulun da ke juyawa, wuta na fita ta ratar da ke tsakaninsa da bututu. Ka yi harbi shida a natse ba tare da ka sauya wurin da kake aunawa ba. In ramukan sun watsu ko'ina, aikin yana kan riƙonka da yadda kake jan kunama. Sakakken riƙo ma kaɗai yana sa harsashi hawa. In kuwa sun taru wuri guda a sama, ka miƙa wa wani gwani ya gwada. Shi ma in nasa sun taru a can, to magana ta koma kan bindiga.

Daga nan sai harsashi, kuma nan ne yawancin mutane ke tsallakewa alhali nan maganin ya fi yawa. Libarba tana fara zabura tun harsashi na cikin bututu. Harsashi mai nauyi, mai tafiya a hankali, yana daɗewa a ciki, saboda haka kafin ya fita baki ya riga ya ɗaga, sai ya sauka sama. Mara nauyi mai gudu yana ficewa da wuri, sai ya sauka ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne, wai mai nauyi shi zai faɗi ƙasa, amma a gajeren zango kamar mita 20 zaburar bindiga ta fi nauyin tasiri.

Masu ƙera bindiga mai kafaffen saiti sun daidaita ta ne da harsashi iri ɗaya. Smith & Wesson Model 10, wadda asalinta ya faro tun 1899, da harsashin .38 Special mai nauyin giren 158 aka san ta, wato giram 10 da ɗoriya. In taka tana hawa da wannan, ka gwada mai giren 125 ko 130, sau da yawa za ka ga ramukan sun sauko da kansu. Ka dai duba lambar da ke jikin bututu da wadda ke gindin kwanso. Akwai tsofaffin Webley da Enfield na Ingila da .38 ne su ma, amma nasu harsashin daban ne, ba a musanya su. Na san harsashi a ƙirge ake bayarwa kuma ba kowa ke da zaɓi ba, amma guda goma sha biyu na gwaji sun fi arha a kan bindigar da aka ɓata.

Idan hawan bai wuce faɗin yatsu uku ba, a ganina kada a taɓa ƙarfe sam. Ka koyi ɗora baƙin da'irar a kan tsini, wato ka auna gindinta, harsashi ya shiga tsakiya.

In ya wuce haka, sai lissafi. Ka cire harsasai, ka leƙa ramukan tulu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin tsinin gaba da tsagar baya. Ka ninka ta da yawan hawan, ka raba da nisan kwali, duka a ma'auni ɗaya. Misali tazara santimita 15, hawa santimita 12, nisa santimita 2,000: amsa santimita 0.09 ke nan, ƙarin tsawon tsini da bai kai milimita ɗaya ba. Ka ga wanda ya zauna ya yi ta gurza da magagari irin ɓarnar da ya yi.

Kafin a yi na dindindin, ka liƙa ɗan gam mai taurin nan na haɗi biyu a kan tsinin, ka bari ya bushe, ka gwada. In ya yi, ka kai wa mai kula da makamai lissafinka. Tsinin da ƙusa ke riƙe da shi canza shi ake yi da dogo, wanda yake haɗe da bututu kuwa ƙara masa ƙarfe ake yi. A sa ya ɗan zarce lissafi, a nan ne magagari ke da aiki: shafa biyu, a yi harbi, a sake dubawa. Tsagar baya kuma a bar ta yadda take, a jikin gangar bindigar aka yanke ta.