Zama da ciwon baya: abin da na koya tun 2016, ga wanda nasa ya fara

Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ciwon bayana ya fito fili a goman ƙarshe na azumin 2016, lokacin da ɗinkin Salla ya taru muna kwana a shago. Wata safiya almakashi ya faɗi, na duƙa in ɗauka, sai na ji abu ya soke ni a kwankwaso, ya bi ta ɗuwawu ya gangara ƙafar hagu har babban yatsa. Yaran shago ne suka tallabe ni zuwa gida. Na yi kusan wata biyu kwance bisa tabarma ina jiran ya warke, masu zuwa gaisuwa kowa na cewa in ƙara hutawa. Ranar da na tashi, ƙafafuna sun rame, bayan ya sandare kamar icce, ciwon kuma yana nan. Kwanciyar ta ci mini ƙarfi fiye da yadda ciwon ya ci. Saboda haka nake wannan rubutu.

Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki kowace shawara tawa, ka duba kanka tukuna. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida yana kufce maka, ko matsematsinka da wurin zama sun mutu ba ka jin taɓi, ko ƙafa tana rasa ƙarfi har takalmi na saɓulewa kana jan ta, ka tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Alama ce ta cewa jijiyoyin ƙasan laka sun matsu, kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa. Haka nan idan ciwon ya zo da masassara, da gumin dare, da rama. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake zama ba, yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi, kuma yana da magani idan an gano shi. Akwai kuma cutar dabbobi da ake ɗauka ta madarar da ba a dafa ba, ita ma tana sauka a baya. Wanda ya faɗo daga mato ko babur, ko yake da tarihin ciwon daji, shi ma likita zai fara gani. Abin da ya rage na maganata na wanda aka duba ne aka ce masa faifan baya ne ya gaji.

A takardata an rubuta diskopati, da haruffa L4-L5. Sai da ɗan ƙanwata, mai karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, ya zauna ya zana mini a bayan kwali sannan na gane. Ƙashin baya gaɓoɓi ne jere, kuma guda 5 na kwankwaso su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifai, 23 ne duka, kowanne da taushi a ciki kamar bargo da zobe mai tauri a kewaye. A ƙuruciya cikin nan kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Shekaru na tafiya yana bushewa, yana lotsawa kamar tsohuwar katifar soso, zoben yana tsattsagewa. Wani lokaci na cikin ya ɓullo ya taɓa jijiya, shi ne zafi da minjirya ke sauka a ƙafa. Faifai biyu na ƙasa, L4-L5 (na tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 ta kwankwaso) da L5-S1 (na ƙarƙashinsa), su suka fi shan wahala. Gado daga iyaye yana da hannu sosai, taba sigari ma haka.

Abu biyu ya faɗa mini da suka sauya mini tunani. Na farko, faifan nan kusan babu hanyar jini a cikinsa. Yana samun abincinsa ne ta matsewa da sakewa, yadda soso ke shan ruwa yana fitarwa, wato ta motsin jiki. Na biyu, ya ce: “Kawu, kada hoton nan ya tsorata ka.” Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan mutum fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. An ga lalacewar faifai a kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, kashi 80 na masu 50, kashi 96 na masu 80. Kamar furfura ce ta ciki. Ni da nake ganin bayana ya ruɓe, ina tsoron ko tari in yi, a ranar na fara miƙewa. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa da tazarar da ke tsakani, IRM, wato hoton babbar na'urar maganaɗisu, ita ce ke nuna faifai da jijiya, amma kada ka sayar da akuya don IRM sai likita ya ce sakamakonta zai sauya abin da za a yi maka.

To, motsin. Ka fara da tafiyar ƙafa. Ni bayan sallar asuba nake fita, kafin rana ta ɗaga. Na fara da minti 10, biyar zuwa biyar dawowa, ina ƙara minti biyu ko uku duk mako, har na kai rabin awa. Kada ka ce yau ka ji sauƙi bari ka taka har Gulbi ka dawo, gobe za ka biya. Ka bi hanya mai tauri da farko, don rairayi mai zurfi irin na wasu lungunanmu yana gajiyar da ƙugu. A Ostireliya an gwada wannan da mutum 701, aka buga sakamakon a 2024: waɗanda aka ɗora bisa tsarin tafiyar ƙafa sun yi kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa kwana 112.

Sai atisayen tabarma, wanda kine, wato mai gyaran gaɓoɓi na asibiti, ya koya mini. Ka je ko sau uku ne a nuna maka da hannu, ya fi karatu. Ga waɗanda nake yi kullum bayan la'asar. Ina kwanciya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, in manna kwankwaso da tabarma in ƙirga biyar in saki, sau 10. Daga nan in ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su daidaita, in ƙirga biyar in sauke a hankali. In jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, sannan ɗayar. Sai in juya in yi zaman rarrafe, in ɗaga tsakiyar baya sama kamar kyanwa ta fusata, in sake shi ƙasa. Na ƙarshe ya fi wuya: a rarrafen, in miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, in riƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, in sauya. Duka minti 15 ne. Ɗan ciwon da ke lafawa kafin gobe ba komai ba ne. Amma idan wani motsi yana ƙara tura zafin ƙasa cikin ƙafa, ka bar shi. Idan kuwa zafin yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya, kana bisa hanya, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Da dare faifan yana shan ruwa ya kumbura, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe, kuma shi ya sa duƙawa da sassafe ta fi haɗari. Sa'ar farko bayan tashi ba ta ɗaukar buhu ba ce. Wajen tashi daga shimfiɗa ma ka juya gefe, ka sauke ƙafafu, ka tura kanka sama da hannu.

A shago na sauya abubuwa kaɗan amma sun yi mini rana. Na jefar da bencin da ba shi da majingini, na sami kujera, na naɗe tsohon zane na sa a ramin kwankwaso. Teburin yanka na sa kafinta ya ƙara masa ƙafa ya kai ƙuguna. Salula tana ƙara duk minti 30, in miƙe, in dafa ƙugu in ɗan banƙare baya sau biyar, in taka zuwa bakin ƙofa. Bandirin shadda kuwa, ina tsugunawa in rungume shi a ƙirji in tashi da ƙarfin cinya, ba na murɗa ƙugu da kaya a hannu. Masu dakon buhunan gero da wake da aya a kasuwa, na san ba za ku bar aiki ba don tela ya faɗa, amma ku kama mutum biyu, ku nemi baro idan da hali. Ƴan'uwana mata, naku ya fi yawa: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, daka, jan guga, ga goyo a baya. Uwargidana ta ɗaura wa tsintsiyarta sanda, ta ɗora bahon wanki bisa turmi a kife, jarkar lita 25 kuma ta daina cika ta.

Kabu-kabu a hanya mai ramuka yana tayar mini da ciwo fiye da komai, don haka nake roƙon mai babur ya sassauta, in ya ƙi in sauka. Tafiyar Yamai ta fi kilomita 600. Ka nemi kujerar tsakiyar mota, ka guji ta saman tayoyin baya, kuma duk inda aka tsaya, Ƙonni ko Dogon Dutsi ko Doso, ka sauka ka taka. Barci kuma, a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Ba dole sai dandaryar ƙasa ba, katifa mai matsakaicin tauri ta wadatar.

Salla ta dame ni ƙwarai da farko, ina jin nauyin a gan ni zaune a sahu. Liman ɗinmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa mutum ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ranar da ciwo ya tashi ina amfani da wannan sauƙi. Ranar da ya lafa ina ruku'u da sujada a natse, ba na mayar da kujera ta zama ta kullum.

Maganar ƙwayoyi ita ce ta fi sa ni baƙin ciki. Ibuprofen da diklofenak suna rage zafi, gaskiya ne, amma na kwanaki kaɗan ne lokacin tashin ciwo, bayan cin abinci, da ruwa mai yawa. Ni na sha su wata da watanni daga hannun masu talla, har cikina ya fara ƙuna, aka ce gyambon ciki ne ke shirin kama ni. Suna taɓa ƙoda, balle a bazara, zafi ya haura digiri 40 jiki ya bushe, ko a azumi. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko ulsa, da mace mai ciki, kada su sha sai da izinin likita, kuma ba a haɗa ibuprofen da diklofenak tare. Parasetamol ba ya yin abin kirki ga wannan ciwo shi kaɗai, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, don hanta. Deksa, wato ƙwayar deksametazon, da ake cusawa cikin haɗe-haɗen ƙulli tana kumbura fuska, ta tayar da suga, ta raunana ƙashi. Tramol kuwa, duk ɗan Maradi ya ga abin da ta yi wa samari. Na san magidanci da ya fara ta saboda ƙugu, yau ƙugun na nan, ga kuma jaraba. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon bayan da ya wuce wata 3: ta goyi bayan ilimantar da mai ciwo, motsa jiki, tausa, da magungunan rage kumburi, ta kuma ce a guji dangin tramol, da ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura. Ɗamarar nan na ɗaura ta shekara guda, na cire ta ban rasa komai ba.

Gashi da ruwan ɗumi yana taimaka mini, musamman lokacin ɗari: tsumma ko kwalba a naɗe da zane, minti 15 zuwa 20. Na yi ƙaho sau biyu, na ji sakayau kwana ɗaya ko biyu, ciwon ya dawo. Wanda zai yi, ya tabbata askar wanzami sabuwa ce. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a taka mini baya da ƙafa ko a finciki ƙugu da ƙarfi wai a mayar da ƙashi wurinsa. Masu cewa duk ciwon baya basir ne ko sanyi, su sayar maka da jarkar jiƙo, ka tambaye su abin da ke ciki.

Allurar da ake yi kusa da jijiya tana iya kwantar da zafin ƙafa na wasu makonni, ta ba ka damar komawa motsi, kuma aikin ƙwararre ne a asibiti. Tiyata tana da wurinta: alamun gaggawar da na ambata, ƙafar da ke ƙara rauni, ko zafin ƙafa mai tsanani da ya ƙi sauƙi bayan makonni 6 zuwa 12 na magani. Cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya ya fi amfani ga ciwon ƙafa. Haɗe gaɓoɓi biyu da ƙarfe saboda ciwon baya kaɗai kuwa, sakamakonsa ba shi da tabbas. Likitan da ya duba ni a Yamai ya ce: “Malam, faifan da ya ɓullo sau da yawa jiki ne ke shanye shi da kansa, mu ba shi lokaci.” Haka aka yi, zafin ƙafar ya janye a hankali, na bayan ne ya zauna. In an ce za a yi maka aiki, ka tambaya: ƙafa za a gyara ko baya, me zai faru in na jira wata uku, kuma yaushe zan koma sana'a?

Har yanzu yana tashi, sau uku ko huɗu a shekara, kuma na lura ya fi zuwa idan barci ya ƙaranta ko bashi ya dame ni. Idan ya zo ina rage aiki kwana biyu, in gasa, in sha magani bayan tuwo, in riƙa zagaya tsakar gida duk sa'a, ranar ta uku in koma shago ko rabin yini ne. Ba na shigewa ɗaki, ina fita fada bayan isha'i ko a tsaye zan yi hirar. Ɗinkin Salla kuma, daga 15 ga azumi nake rufe karɓa. Wasu masu kaya sun yi fushi sun koma wani shago, kuma ƙarfe 11 na dare nake sa wa nawa kwaɗo.