Yadda Ake Auna Haɗarin Girgizar Ƙasa Kafin Sayen Gida a Sabon Rukunin Gidaje

Wanda ya shiga sabon rukunin gidaje yakan fara da kallon fenti da tayil da faɗin titi, alhali abubuwan da za su yi hukunci ranar da ƙasa ta motsa suna can inda ido ba ya kaiwa, wato ƙarƙashin harsashin gini da cikin ginshiƙai. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 da ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta hallaka fiye da mutum 50,000, kuma cikin benayen da suka zube har da waɗanda ba a daɗe da kammalawa ba, wasunsu ma an tallata su da sunan masu jure girgiza. Sabuntar gini ba shaida ba ce, tana iya zama kyan ɗan maciji.

Ka fara binciken daga ƙasar da aka yi ginin a kanta, domin ita kaɗai ce ba a iya sauyawa bayan an biya kuɗi. Ƙasashen da ke fama da girgiza suna wallafa taswirar haɗari, irin wadda hukumar USGS ke fitarwa a Amurka da wadda hukumar AFAD ke fitarwa a Turkiyya, kuma abin da za ka fara nema a cikinta shi ne nisan filin da tsagin ƙarƙashin ƙasa mai motsi, wato inda girgiza ke tasowa. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1972, shekara guda bayan girgizar San Fernando, wadda ta hana gina gidajen zama a kan irin wannan tsagi, kuma yawanci ana ja da baya kimanin mita 15 daga gare shi.

Sai dai nisa da tsagi ba ya wadatarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke yin sake. A 1985 girgizar da ta rusa ɗaruruwan gine-gine a birnin Meziko ta taso ne daga nisan fiye da kilomita 300, amma da yake tsakiyar birnin na zaune a kan lakar wani tsohon tafki, sai ƙasar mai laushi ta ninka ƙarfin jijjigar. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: idan yashi mara ƙarfi ya jiƙe da ruwa sannan aka girgiza shi, yakan rasa ƙarfinsa na ɗan lokaci ya koma kamar taɓo. Haka aka gani a Niigata ta Japan a 1964, inda wasu benaye suka kishingiɗa ɗungurungum ba tare da bangonsu ya farfashe ba, haka kuma aka gani a unguwar Marina ta San Francisco a 1989, wadda aka gina a kan ƙasar ciko. Dalilin da ya sa wannan ya shafi sababbin rukunan gidaje musamman shi ne, kamfanonin gini suna neman fili mai faɗi da araha, kuma sau da yawa irin wannan fili fadama ce da aka busar, ko kududdufin da aka cike, ko gangaren tudu da aka sare aka baje.

Saboda haka ka nemi rahoton gwajin ƙasa a rubuce, ka duba ko na wannan filin ne ko na maƙwabcinsa aka aro, ramuka nawa aka haƙa, zurfinsu nawa, a ina aka tarar da ruwa, kuma wane irin harsashi injiniyan ya ce a yi. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ake iya gani kyauta a Google Earth, sukan nuna abin da ke wurin kafin a kawo motocin ciko. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa wajen nuna wannan rahoto ya riga ya ba ka amsa.

Daga nan sai ginin kansa. Ka tambayi wace dokar gini aka bi da kuma shekararta. Japan ta tsaurara tata a 1981, kuma da girgizar Kobe ta zo a 1995, gine-ginen da aka yi kafin 1981 su ne suka fi shan ɓarna. Amma doka a kan takarda daban, abin da magini ya zuba a cikin ginshiƙi daban, shi ya sa ya kamata ka san wanda ya sa ido a kan aikin da kuma wanda ya biya shi ladansa. Ko takardar amincewar hukuma ba koyaushe take nufin an duba ginin ba, domin a 2018 Turkiyya ta yi afuwar da ta ba masu gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida damar biyan kuɗi a yi musu rajista.

Ka ɗauki injiniyan gini naka na kanka, wanda ba ya cin abinci a hannun kamfanin. Zai duba sakamakon gwajin kankare, wanda aka saba yi bayan kwana 28 da zubawa, da yawan rodi, da zobban ƙarfen da ke ɗaure rodin ginshiƙi, waɗanda ya kamata su matsu kusa da mahaɗa kuma a lanƙwasa bakinsu zuwa ciki don kada su buɗe lokacin jijjiga. Zai kuma kalli hawan ƙasa: benen da aka bar ƙasansa fayau don ajiye motoci ko shaguna, ba tare da bangon kankare mai tallafa wa ginshiƙai ba, ta nan yake fara durƙushewa. Sayen gida tun yana kan takarda cinikin biri a sama ne, duk da haka yana da fa'ida ɗaya, wato kana iya ganin rodin da idonka, ka ɗauki hotonsa, kafin kankare ya rufe shi.

Ta fuskar dukiya kuwa, akwai abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Manufar yawancin dokokin gini ita ce mutane su fita da rai, ba wai ginin ya ci gaba da amfani ba. Bayan girgizar Christchurch ta ƙasar New Zealand a 2011, wadda ta kashe mutum 185, an rushe gine-gine da dama da suka tsaya a tsaye saboda gyaransu ba zai biya ba, kuma gwamnati ta ware kimanin gidaje 8,000 a matsayin yankin da ba za a sake zama ba, ta yi tayin sayen su bisa ƙimar 2007. Bashin banki kuma ba ya rushewa tare da gida.

Wannan ne ya sa nake ganin ya fi kyau a je wurin kamfanin inshora kafin a sa hannu a takardar ciniki. A ƙasashe da yawa inshorar gida ta yau da kullum ba ta haɗa da girgizar ƙasa ba. Turkiyya ta wajabta inshorar girgizar ƙasa, wadda ake kira DASK, bayan girgizar 1999, amma tana da iyakar abin da take biya, a Kalifoniya kuma mai gida ne ke ɗaukar kashin farko na asarar, wanda kan kama daga kashi 5 zuwa 25 cikin ɗari na abin da aka yi wa inshora. Farashin da mai inshora ya yanka maka ya fi kalaman mai talla gaskiya, tun da shi kuɗinsa yake sawa a kan maganarsa. Idan ɗaki ne a cikin bene, ka bincika ko ginin gaba ɗaya yana da inshora, kuma ko ƙa'idar mazauna ta hana mai shago ya sare ginshiƙi don ya faɗaɗa wurinsa.

Wanda zai saya daga hannunka nan gaba shi ma zai yi waɗannan tambayoyi, musamman idan an yi girgiza a tsakani, lokacin da gidaje masu cikakkun takardu kan riƙe darajarsu, na kan ciko kuma su rasa mai tayawa. Don haka ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa maka kwafin rahoton ƙasa, da zanen ginin da aka amince da shi, da sakamakon gwajin kankare, kuma ba za ka biya kason ƙarshe na kuɗin ba sai sun shigo hannunka.