Yadda Ake Canza Filogi da Koyil a Motar da Ta Sha Tafiya

Motar da ta haura kilomita 200,000, irin Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, takan fara karkarwa idan tana tsaye a kunne, ta riƙa shan mai fiye da ƙima, fitilar gargaɗin inji kuma ta kama. Kafin a sayi komai, a sa na'urar gwaji ta karanto lambar matsalar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai daidai, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. Sai a musanya koyil ɗin wannan silinda, wato na'urar da ke ba filogi wuta, da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a sake tayar da mota. Idan matsalar ta bi koyil ɗin zuwa sabon wurinsa, to shi ne ya mutu. Idan kuwa ta tsaya inda take, a duba filogi ko nozul mai fesa fetur. A ganina wannan gwaji ya fi sayen koyil huɗu a makance, domin sau da yawa tsohon koyil na asali ya fi sabo mai araha ƙarko.

Ba a taɓa filogi sai inji ya huce sarai, saboda kan injin na alminiyum ne, kuma tiredinsa, wato zaren da ake ɗaura filogi a ciki, na iya lalacewa idan aka kwance da zafi. A cire wayar batir ta negatib, a zare soket ɗin koyil a hankali, tun da robarsa kan bushe ta karye a tsohuwar mota, sannan a kwance notin da ke riƙe da koyil ɗin da sifana mai lamba 10, a zaro shi. Kafin a fitar da filogin da sifana mai lamba 16, a hure ramin da iska, don kada ƙurar da ta taru ta faɗa cikin silinda. Idan aka tarar da baƙin mai a ramin, gasket ɗin murfin inji, wato robar da ke hana mai fita, shi ne yake yoyo, kuma muddin ba a canza shi ba, man zai ci robar sabon koyil.

Filogi kam duka huɗun ake canzawa tare. Injin wannan Corolla mai lita 1.8 yakan yi amfani da na iridiyum, wato wani ƙarfe mai ƙarko, kamar Denso SK16R11, mai tazarar baki ta milimita 1.1, wadda aka saita tun daga kamfani, don haka kada a lanƙwasa bakinsa. Jabu ya yi yawa a kasuwa, a sayi na amintaccen dila. A fara ɗaura sabon da hannu kawai, kuma idan ya cije tun a zagayen farko, a warware a sake, sannan a ƙarasa da sifana gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Bayan an mayar da koyil da batir, a tayar da mota a saurara. Idan fitilar injin tana ƙyaftawa, a kashe nan take, domin ɗanyen fetur na shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi.