Yadda Za Ka Tsara Jerin Magabatan da Ka Fi Ƙauna

Ɗalibin da yake sauraron darasin falsafa a Samaru da safe, da yamma kuma ya zauna a zauren malami a cikin Birnin Zazzau yana biya littafi, wata rana sai an tambaye shi wa ya fi girmamawa a cikin bayin Allah da masu hikima. Domin amsar ta fito da nutsuwa, yana da kyau ya tsara jerinsa a rubuce tun kafin ranar.

Ka fara da raba takardarka gida uku: na annabawa, na malamai da waliyyai, sai na masana falsafa. Kada ka jera su a layi guda, saboda annabi wahayi ake yi masa, malami da karatu da aiki ya kai inda ya kai, shi kuwa masanin falsafa hujjar hankali ce jarinsa.

A gidan annabawa ba kai ne mai bayar da matsayi ba. Aya ta 253 a Suratul Baƙara ta nuna Allah ne Ya fifita wasu manzanni a kan wasu, aya ta 285 kuma ta koyar da cewa ba a rarrabe tsakaninsu wajen imani. Malamai sun ambaci Ulul Azmi biyar, wato Annabi Nuhu, Ibrahim, Musa, Isa da Annabi Muhammadu (SAW), wanda shi ne fiyayyensu. Abin da ya rage maka shi ne ka rubuta ƙissar da ta fi ratsa zuciyarka, ko haƙurin Annabi Ayuba, ko yafiyar da Annabi Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa bayan sun jefa shi rijiya.

Gida na biyu ne ya fi buƙatar aiki, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: kada ka sa sunan wanda ba ka taɓa karanta rubutunsa ba, ko ka ji malami ya karantar da shi. Mutane da yawa a nan za su ɗora Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, a kan gaba, kuma ya cancanta, amma a ganina wanda bai leƙa littafin Liya'ul Hukkami na ƙanensa Abdullahi na Gwandu ba, bai gama auna malaman jihadi ba. Haka Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta tsara ƙungiyar mata da ake kira 'yan taru suna kai karatu ga matan karkara ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Idan ka zo kan Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza da Shehu Ahmadu Tijjani na Fas, ka rubuta abin da ka amfana da shi daga kowannensu, kada takardar ta zama filin gardamar ɗariƙa. Maƙwabcinmu Kirista na Wusasa zai iya bin wannan tsari da nasa magabatan.

A gida na uku ba laifi ba ne ka haɗa waɗanda suka yi saɓani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya soki masana falsafa irin su Ibn Sina a littafinsa Tahafutul Falasifa, daga baya Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani da littafi sukutum. Ka karanta hujjar kowanne kafin ka ɗora ɗaya a kan ɗaya. Shi kuwa Sukurat na ƙasar Girka bai bar rubutu ba, yawancin abin da aka sani game da shi ta hannun ɗalibinsa Aflatun ya zo.

A gaban kowane suna ka rubuta jimla ɗaya da take bayyana abin da ya canja a halinka ko tunaninka. Sunan da ka kasa rubuta masa jimla ka cire shi. Ka yi amfani da fensir, ka sa kwanan wata a ƙasa, sannan ka kai wa malaminka ya duba gidan farko da na biyu kafin ka nuna wa abokai.