Yadda ake kwaso bayanan fayil ɗin CSV zuwa cikin jeri a Python

Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla: kowane layi bayani guda, waƙafi kuma shi ke raba gidajensa. A ce kana da kaya.csv mai layi uku:

suna,adadi,nauyi
ƙusa,120,0.5
"waya, mai kauri",15,12.75

Ga yadda za ka ɗauko shi:

```
import csv
jeri = []
with open("kaya.csv", newline="", encoding="utf-8-sig") as f:
    karatu = csv.reader(f)
    kanu = next(karatu)
    for layi in karatu:
        if not layi:
            continue
        jeri.append([layi[0], int(layi[1]), float(layi[2])])
```

`next` yana cire layin kanu don kada ya shiga cikin bayanai. `if not layi` yana tsallake layin da babu komai a cikinsa, irin wanda ake yawan mantawa a ƙarshen fayil. Ƙirga daga 0 take farawa, saboda haka `jeri[1][0]` zai ba ka "waya, mai kauri".

Dubi layin "waya, mai kauri" da kyau, domin a nan mutane suka fi faɗuwa. Da yawa kan yi gaggawa su raba layi da `split(",")`. Ita ba ruwanta da alamar zance, duk waƙafin da ta gani sai ta yanka a wurin. Gida uku ya koma huɗu, "mai kauri" ya zauna a gurbin adadi, `int`, mai juya rubutu zuwa lamba, ta tsaya da kuskuren ValueError. Wannan ma da sauƙi, ai ka ga kuskuren. Mafi muni shi ne inda gidajen duk rubutu ne: komai ya goce gefe, shirin kuma ya ci gaba shiru. Bar wa `csv` aikin rabawa, ta san waƙafin da ke cikin alamar zance ba iyaka ba ne.

Abu na biyu, duk abin da ya fito daga fayil rubutu ne, ko da ido na ganin lamba. Haɗa "120" da "15" ba tare da `int` ba, 12015 za ka samu maimakon 135. Amma kada ka juya lambar waya ko lambar shaida, sifirin farko zai ɓace.

Shi kuwa `utf-8-sig`, Excel kan liƙa bayit 3 marasa ganuwa a farkon fayil idan an adana shi a UTF-8, su manne wa sunan gidan farko. Wannan zaɓin yana share su. Idan ka bar `encoding` gaba ɗaya, a Windows sau da yawa ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama tarkace.

Idan kowane layi ya shigo a dunƙule, gida ɗaya tal, buɗe fayil ɗin ka duba: wataƙila waƙafi mai ruwa aka yi amfani da shi. Sai ka rubuta `csv.reader(f, delimiter=";")`.